Gwiwar da Ta Taɓa Ƙasa a Ikko

Dutsin-Ma,
9 ga Oktoba, 1961.

Zuwa ga ƙawata kuma aminiyata Roda,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Mama Salomi da Baba Ernest da kowa na gidan. Yaya Ikko, yaya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Gwaggo Inno tana gaishe ku. Har yau in ta bi ta gidan waya sai ta leƙa taga za ta gaida Babanku, ta manta an canza mashi wurin aiki.

Wasiƙarki ta iso, da yankin jaridar da kika sako ciki, da littafin nan mai hoton mace tsaye bakin ruwa. Mun riga mun ji a rediyon ɗakin shan magani cewa Yaya Ummaru ya ci, amma mai labarai magana biyu kawai ya yi a kai ya wuce zancen gyaɗa. Sai da na ga sunansa baƙi bisa fari sannan na yarda. Wai yayana, ɗan Rabe mahauci na Kurfi, wanda ya bi jirgin shanu zuwa Ikko da riga ɗaya, shi ke riƙe da kambun damben Turawa na ƙasar nan duka a ajin nauyinsa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi ta maimaitawa ni kaɗai. A littattafan da kike aiko mani, jarumi kullum ɗan wani babban gida ne mai bene. Ni nawa jarumin da wuƙar fawa ya tashi, kuma wallahi ba zan musanya shi da ko ɗaya cikinsu ba.

Washegari na bi motar kasuwa zuwa Kurfi don in karanta ma Baba. A nan ne na yi wani abu da ban faɗa ma kowa ba sai ke yanzu.

Kin san Baba ɗan dambe ne a ƙuruciyarsa, irin damben namu na fage da kalangu. Shekara goma sha bakwai yana ɗaure hannu, daga Kuki har Maraɗi, gwiwarsa ko tafin hannunsa bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. Haka Kakanmu kafin shi. A damben namu wannan shi ne komai: ka taɓa ƙasa, an gama, ka fita. Gidanmu yana da take nasa, kiɗan da Ɗanmusa makaɗi ya gada daga ubansa, kuma ba a kaɗa shi sai ga wanda bai taɓa faɗuwa ba. In aka buga shi a kasuwa, ko tsofaffin mahauta sai ki ga sun aje wuƙa.

Baba ya tara abokan sana'arsa a zaure, aka ce in karanta. Ke kin san ni, ko a aji malami ya kira sunana sai muryata ta maƙale. Na durƙusa bakin ƙofar cikin gida, na ja mayafi har goshi, ina karanta Turancin a zuci ina faɗi da Hausa. Turmi na farko lafiya. Da na zo na biyu sai idona ya riga bakina, na ga inda aka rubuta cewa mai kambun ya sakar ma Yaya wani naushi a gefen ciki, ya tafi ƙasa bisa gwiwa ɗaya, alƙalin wasa ya ƙirga har takwas sannan ya miƙe. Na ɗaga kai na ga fuskar Baba, yana murza gemu yana murmushin da ban taɓa gani ba. Sai kawai na tsallake. Na faɗa turmi na uku, na bi su ɗaya ɗaya har na goma sha uku, inda Yaya ya shimfiɗe mutumin aka ƙirga goma bai tashi ba. Zaure ya ɗauki sowa.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya tambaye ni ko yaron nan ya taɓa ƙasa. Kin san Yaya ɗan fari ne, Baba ba ya faɗin sunansa, ba ya ma kallonsa ido da ido. Na ce a'a. Har na ƙara da cewa jarida ta ce ya tsaya kamar dutse, alhali babu wannan a ciki, daga kaina na ɗauko.

Baba ya ce to madalla, bai ba mu kunya ba. Nan take ya sa aka ware jan sa daga cikin na yanka, ya ce a yi ta ba shi dusa har ranar da yaron zai dawo. Ya ce ma Ɗanmusa ya ɗame kalangunsa, a bakin hanya za a tare shi da taken gida.

Na dawo Dutsin-Ma ina murna ina kuma tuna ƙaryar da na yi. Amma ki duba, Roda, ai ya ci. Ƙasa duka ta ce ya ci. Ƙirga takwas ɗin nan ko numfashi uku bai kai ba. Wa zai zo Kurfi da labarinsa?

Ki gaida su Mama da Baba. Ki ce ma yayanki Yunana na gode da ya yanko jaridar, ya kuma ja layi ƙarƙashin sunan Yaya da jan biro. Kada ki ce ni na ce, ki ce dai an gode.

Taki har kullum,
Sakinatu Rabe.

*

Kurfi,
21 ga Oktoba, 1961.

Ƙawata Roda,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ina rubuto maki daga Kurfi, bisa murfin akwati, don haka ki yi haƙuri da rubutun. Jikinmu lafiya. Sauran kuma ga shi.

Asirina ya tonu. Lawal direban motar kasuwa ya zo daga Katsina da jaridar Hausa ta wannan mako, yana murna zai nuna ma Baba ɗansa a shafin farko. Bai san abin da ya ɗauko ba. Hoto biyu ne. Na sama Yaya ne da ɗamarar kambun a ƙugu, an ɗaga hannunsa. Na ƙasa kuma shi ne bisa gwiwa, safar hannunsa ɗaya dafe da daɓe, alƙali ya sunkuyo yana nuna shi da yatsa. Hoto ba ya buƙatar 'yar makaranta ta fassara shi. Kafin azahar jaridar ta zaga rumfunan mahauta, ta yi maiƙo har ana ganin rubutun baya.

Ran kasuwa ce, 'yan damben garin Rawayau sun shigo Kurfi, kuma kin san tsakaninsu da gidanmu tun zamanin Kaka. Ɗayansu ya zo gaban teburin Baba ya durƙusa bisa gwiwa ɗaya, ya ce wai yana koyon tsayuwar zakarun Ikko ne, a ƙirga mashi takwas. Wani ya ce ashe a can in ka faɗi hutu ake ba ka, har a kawo ruwa da tawul, shi ma gobe zai hau jirgi. Baba ya miƙe. Ya goge wuƙarsa, ya bar naman ga abokin aikinsa, ya taho gida. Ya aika a kira ni daga Dutsin-Ma.

Na so ya dake ni, da ya fi mani sauƙi. Ya aje jaridar gabana ya ce, “Ke, wannan gwiwar wace ce?” Ya ce lokacin da hakimi ya ce kowace unguwa ta ba da yara a kai boko, maƙwabta sun ɓoye nasu cikin rumbu, shi ya kama hannuna ya kai ni da kansa, don gida ya samu wanda zai karanta mashi gaskiyar takarda. Ya ce yanzu ya gane takarda ma sai yadda mai karatu ya so. Daga nan bai ƙara ce mani komai ba, har yau kwana uku.

Hedimastan makarantarmu ya zo da kekensa tun daga Dutsin-Ma don ya yi mashi bayani. Ya zauna ya zana fagen a ƙasa da tsinke, ya ce dokar damben Turawa daban take, mutum yana da ƙirga goma, in ya tashi kafin nan wasa bai ƙare ba. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya sa aka kawo mashi fura. Sannan ya ce shi abin da ya gani a hoto, mutumin can ya kayar da yaron, ya koma gefe ya tsaya ya ƙyale shi. Wannan alheri ne. Shi kuma yaron ya tashi ya saka ma alherin da duka. Ya ce faɗuwa ba laifi ba ce, maza da yawa sun faɗi sun fita sun je sun yi wanka. Abin kunya shi ne ka faɗi ka tashi ka karɓi kyautar wanda bai faɗi ba. Hedimasta ya sha furarsa.

Ga hukuncin da ya yanke. Ba kiɗa, ba tarba. An mai da jan san cikin na yanka. In yaron nan yana son shiga gidan ubansa, ya bar ɗamarar a inda ya samo ta, ya shigo ta ƙofar baya kamar kowane ɗan dambe da aka kayar.

Roda, ni na jawo rabin wannan. Da na karanta gaskiya ran farko, da Baba ya yi fushinsa cikin zaure tsakanin abokansa, da bai fita kasuwa yana yi ma mutane alkawarin tuwo da nama ba. Amma ko a cikin kukan nan, in na dubi hoton ƙasan sai in ji ina sonsa fiye da na saman. Ki duba fuskarsa in kin samu jaridar. Ba ƙasa yake kallo ba, mutumin yake kallo.

Don Allah ki roƙi Baba Ernest ya nemi Yaya a wurin da suke horo, ya faɗa mashi yadda ake ciki, kada ya sauka Kurfi da ɗamara a hannu bai san komai ba.

Ki gaida kowa. Ki sa ni a addu'arki ta ran Lahadi, ni ma kina cikin tawa.

Taki,
Sakinatu.

*

Dutsin-Ma,
7 ga Nuwamba, 1961.

Aminiyata Roda,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Mama da jiki, tunda kin ce ƙafarta ta tashi. Allah Ya ba ta lafiya. Na gode ma Baba Ernest, saƙo ya isa.

Yaya ya iso. Daga Funtuwa ya hau mota, ya sauka nan gidan Gwaggo Inno, ya ce ba ya wucewa. Dutsin-Ma kam ta yi mashi abin da ya dace. 'Yan makaranta sun yi jerin gwano, ma'aikatan ofis sun sa manyan riguna, mutanenku na coci sun zo da ganga, tela ya ɗinka tuta. Ina bayan Gwaggo ina leƙe ta kafaɗarta. Da na ji ana cewa ga ƙanwarsa can, na so ƙasa ta buɗe in shige, na kuma so a ƙara faɗi. Ɗamarar na taɓa ta da hannuna. Ta fi yadda na zata nauyi, kuma warin fata take yi kamar rumfar dukawa, abin da ya ba ni dariya, don a zuciyata ƙamshin turare na sa mata.

Yaya ya ƙara faɗi a kafaɗa, akwai ɗinki bisa girarsa ta hagu. Har yanzu “Malama” yake kirana don tsiya. Da na faɗa mashi abin da na yi a zaure, ya ce, “Malama, ashe ke kika tashe ni tun ban faɗi ba. Da kin zo Ikko ai da na huta.” Ya fara dariya sai ya tsaya, ya dafe gefensa.

Amma maganar Baba ta ci shi. Ya ce ɗamarar nan da jininsa ya same ta, ba zai aje ta a tasha ya shiga gidan ubansa ta bayan danga kamar ɓarawon kaza ba. Hutun kwana goma aka ba shi. In sun cika Baba bai neme shi ba, zai koma, kuma Kurfi ta gama ganinsa. Na san shi. Taurin kan nan ba daga nesa ya ɗauko ba. Gwaggo ta yi ta kai da kawowa tsakanin ƙanenta da ɗansa har ta gaji, ta ce su biyun duk a haɗa su a turke ɗaya.

Ni kuma na lura da abin da yake ɓoyewa. Ba ya kwanciya, a zaune yake barci ya jingina da bango. In zai yi tari sai ya rungume matashi. Sallah ma a hankali yake sunkuyawa kamar tsoho. Na tambaye shi, ya ce gajiya ce, in kama bakina, don in masu shirya wasa suka ji za su ɗage karawarsa ta gaba.

Jiya kwana shida. Da safe na ɗauki yankin jaridarki na je tasha ni kaɗai, ban gaya ma kowa ba. Lawal ya sa ni gaba, duk hanya yana ba ni haƙuri kan jaridar da ya kawo, ya ce da ya sani da ya naɗe ƙosai da ita. Na samu Baba a bayan gida yana wasa wuƙaƙe. Na gaishe shi bai amsa ba. Roda, ban san inda na samo muryar ba. Na durƙusa na ce na zo in biya karatun da na tsallake. Na karanta mashi turmi na biyu kalma bayan kalma, inda naushin ya sauka, da ƙirgar, da yadda aka ce ya miƙe yana riƙe da igiya. Bai daina wasa wuƙa ba. Na gama. Sai na ji bakina yana ci gaba da kansa. Na ce Baba, Yaya ba ya iya dariya. Na ce a zaune yake barci. Na ce saura kwana huɗu ya tafi.

Wuƙar ta tsaya. Ya ce wane gefe yake dafewa. Na nuna a jikina, hagu, ƙasa da hammata. Ya ce in ya ja numfashi ne ko in ya juya. Na ce duka biyu. Ya ci gaba da aikinsa, ya ce in tafi kada mota ta bar ni.

Iyakar abin ke nan. Ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba, ga shi na tona asirin Yaya bayan ya ce in yi shiru. Littafinki yana nan ban ko kai rabi ba, na kasa. Matar ciki tana ta kuka don wani bai zo rawa ba, na ji kamar in ce mata ta zo Kurfi ta ga abin kuka.

Ki gaida mutanen gida duka, manya da ƙanana.

Ƙawarki mai kewarki,
Sakinatu.

*

Kurfi,
13 ga Nuwamba, 1961.

Zuwa ga Roda, ƙawata ta gaskiya,

Gaisuwa irin ta masu ƙauna. Ina fata kuna lafiya, Mama ta samu sauƙi, Baba Ernest yana aiki lafiya. Ki nemi wuri ki zauna, takardar nan doguwa ce.

Ran kasuwar Dutsin-Ma, saura kwana biyu hutun Yaya ya ƙare, muna tsakar gida da hantsi muna tsince wake sai muka ji sallamar Baba. Ya ce ma Gwaggo shi shanu ya zo dubawa a kara, ya biyo ya sha ruwa. Gwaggo ta ce ikon Allah, shekara nawa kana zuwa kara ba ka taɓa jin ƙishirwa ba sai yau. Ta shimfiɗa mashi tabarma.

Yaya ya fito ya durƙusa nesa ya gaishe shi. Baba yana kallon randa ya amsa. Can Baba ya ce ma Gwaggo, ba ma Yaya ba, ta ce ma yaron nan ya tuɓe riga. Yaya ya harare ni. Na sunkuyar da kai cikin faifan wake.

Ya tuɓe. Gefensa na hagu duk ya yi wani launi, kore-kore da rawaya, wata guda da 'yan kwanaki bayan wasan. Baba ya taso. Tun da nake ban taɓa ganin hannunsa a jikin Yaya ba, ko Gwaggo ta ce rabonta da gani tun yana jariri. Ya ɗora yatsu biyu a ƙashin baya, ya biyo haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya yana latsawa, idonsa a rufe, daidai yadda yake yi ma sa a kara kafin ya taya. Shekara arba'in yana raba ƙashi da ƙashi, babu abin da zai ɓoye mashi a wurin. Ya zo wani wuri Yaya ya cije leɓe. Ya sauka ƙasa kaɗan, Yaya ya ja iska ta haƙori.

Baba ya ce biyu ne, ɗaya ya tsage ɗaya ya rabu, ga inda ya fara kamawa a karkace. Ya tambaya a wane turmi aka yi wannan. Yaya ya ce na biyu, shi ne ya kai shi ƙasa. Baba ya juyo ya dube ni, karo na farko tun ran jarida, ya ce, “Ke mai karatu, a na nawa kika ce an gama?” Na ce na goma sha uku. Ya ce kowane turmi tsawonsa fa? Yaya ya ce minti uku. Baba bai san minti ba, sai Gwaggo ta ce kamar ka tafi rijiyar bayan gida ka jawo guga ka dawo. Na ga leɓensa yana motsi. Turmi goma sha ɗaya, da ƙashi biyu a karye, mutumin kuma ya san wurin, can yake ta nema.

Ya tambaye shi ko mutumin ya ci gaba da dukan gefen. Yaya ya ce duk turmi. Baba ya ce, “To ashe ba alheri ya yi maka ba.” Roda, kai tsaye ya faɗa mashi, ba ta bakin Gwaggo ba.

Ya koma ya zauna, ya sha ruwan da ya ce ya zo sha. Ya ce shi ya ga sa mai ƙarfi da haƙarƙari ɗaya ya karye a mota, bai iya tsayuwa ba har aka yanka shi a kwance. Sannan ya yi ma Yaya faɗa sosai, ya ce wane irin sakarci ne mutum ya hau jirgi da mota kwana biyu da ƙashi a rabe, likitocin Ikko ba su da yatsu ne? Ya ce babu dambe sai bayan wata uku, in masu shirya wasa suna da magana su zo Kurfi su same shi. Ya sa Gwaggo ta kawo zane, ya yage shi da kansa ya ɗaure ƙirjin tamau.

Gwaggo ba ta iya barin magana a rufe. Ta ce to Rabe, yanzu ya faɗi ko bai faɗi ba? Baba ya ce ya faɗi mana, duniya ta ga gwiwarsa, wannan ba mai goge shi. Yaya ya miƙa hannu zai ɗauki rigarsa. Baba ya tashi ya sa takalmi, ya ce gobe bayan azahar a sa yaron nan a gaban mota, kada a sa shi baya inda ake girgiza, kuma abin nan na fata a taho da shi.

Washegari Lawal ya tuƙa mu kamar ya ɗauko ƙwai. Tun kafin mu shiga Kurfi na hango mutane a bakin hanya, mahauta da matansu da yara, har da 'yan Rawayau a gefe sun harɗe hannu suna jiran su ga yadda za a ƙare. Jan san nan yana ɗaure a gindin kuka, ashe ba a yanka shi ba, abokan Baba sun yi ta tsallake shi. Ɗanmusa yana tsaye da kalangu a hammata, gumi yana zubo mashi, don ba a faɗa mashi abin da zai kaɗa ba.

Yaya ya sauko a hankali, ɗamara a kafaɗa. Ɗanmusa ya ɗaga makaɗinsa ya dubi Baba. Baba ya ce, da murya yadda kowa zai ji, taken gida na waɗanda ba su taɓa ƙasa ba ne, shi da ubansa, kuma yaron nan ba ya ciki. Wani daga 'yan Rawayau ya yi dariya. Baba bai ko waiwaya ba. Ya ce shi da ubansa ba wanda ya san abin da ke bayan faɗuwa, don ba su taɓa zuwa can ba. Wannan ya je ya dawo da ƙashi biyu a karye da kayan mutane a kafaɗa. Ya ce, “Ɗanmusa, ubanka ya sassaƙa ma ubana take. Kai ba ka taɓa sassaƙa ko ɗaya ba, gado kake ci. Yau ka yi aikinka.”

Ɗanmusa ya yi tsuru. Ya ɗan taɓa fatar, ya saki, ya sake taɓawa. Sai ya fara wani kiɗa da ba mu taɓa ji ba. Ya tafi da sauri, ya yanke ɗif, wuri ya yi tsit, sannan ya buga ɗaya ɗaya a hankali. Ina ƙirgawa a zuci ban sani ba, sai da na kai takwas na gane abin da yake yi. Daga ta takwas ɗin ya ɓarke da wani irin kiɗa da ya sa mata suka saki guɗa gaba ɗaya. Ya sake daga farko. A zagaye na uku duk taron ke ƙirgawa da baki, har yara, har mutumin Rawayau da ya durƙusa gaban teburin Baba, na gan shi da idona.

Baba ya wuce gaba, Yaya na biye, muka bi ta tsakiyar kasuwa har ƙofar zaure. A nan Baba ya tsaya ya matsa gefe, ya bar shi ya fara shiga.

Yau kwana huɗu ana cin nama. Yaya zai zauna har ƙashin ya kama, kuma Baba ya ce ni zan rubuta ma mutanen Ikko takardar da Turanci, in karanta mashi kafin a rufe. Yaran unguwa sun hana mu barcin rana, kowa ya samu gwangwani yana buga takwas.

Ki gaida Mama da Baba da Yunana. In kin ga wani a Ikko yana zancen zakaran dambe, ki ce mashi kin san ƙanwarsa.

Taki har abada,
Sakinatu Rabe, Kurfi.